Gida A Gangare: Sanyi Ba Sai Da Janareto Ba

Masu sayen fili a gangaren Barnawa da Narayi suna kuskure guda. Sukan baje ƙasa, su ɗora bulo da kwano, sa'an nan zafi ya hana iyali barci, kuɗi kuwa su ƙare wajen man janareto. Manoman duwatsun Gwoza sun fi dabara, gama su hawa-hawa suke yanka gangare. Magini ya yi koyi da su. A haƙa lambatu ta saman gida, ruwa ya kauce wa harsashi. Bangon tubali mai kauri yana tare zafi. Tagogi su dubi kudu da arewa, mangwaro ya kare yamma. Kada kuma a matsa bakin kogi, ambaliyar 2003 ta isa ishara.