Ra'ayinmu: Ƴaƴan Ngalewa ma ƴaƴa ne

Ran 14 ga Afrilu 2014 ƴan Boko Haram suka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar Chibok a Najeriya. Kafin wata guda ya cika, duniya duka ta ji. Gidajen rediyo na Ingila da Faransa suka yi ta maimaita labarin, har uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga allo tana roƙon a maido su. Wannan abu ne mai kyau, ba mu ƙi shi ba.

Amma mu dawo gida. A Nuwamba 2014 aka kama garin Damasak, wanda ke ƙetaren Komadugu, kusa da Difa. Da sojojin Nijar da na Chadi suka ƙwato garin a Maris 2015, maharan sun riga sun tafi da yara ƴan firamare kimanin 300. Yawansu ya kai na Chibok, amma mutum nawa ne suka taɓa jin labarinsu? Ran 2 ga Yuli 2017 kuma, a Ngalewa, kusa da Kablewa cikin yankin Gigimi, aka kashe mutum 9, aka tafi da 39, mata 33 da yara maza 6. Jaridun waje suka ba su layi kaɗan, kwana biyu, sai shiru.

Me ya kawo wannan bambanci? Ba don hawayen uwa a Ngalewa ya fi na wata uwa arha ba. Iyayen Chibok sun sami masu kai kukansu Abuja da Turanci, da sunaye, da hotuna. Ngalewa kuwa tana nesa da Yamai fiye da kilomita 1,300. Mutanenta manoma ne da makiyaya, kukansu da harshen gida suke yinsa. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa a Fabrairu 2015, zirga-zirga ta yi wuya, ɗan jarida ba ya isa ƙauye cikin sauƙi. Ga shi yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, balle hoto. Wasu iyaye kuma tsoro ke rufe musu baki, kada magana ta jawo wa ɗansu halaka a hannun masu neman kuɗin fansa.

Sai dai kada mu ɗora laifin duka a kan baƙi. Lokacin da aka sace Faransawa a Arlit a Satumba 2010, jaridun ƙasarsu ba su huta ba sai da na ƙarshe suka koma gida a Oktoba 2013. Sun yi aikinsu ne. Mu fa? Sau nawa muka cika shafi da labarin taro da jawabi, muka bar ƴaƴanmu a ƙasan takarda? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai faɗa ba, maƙwabci ba zai hau rufin ba.

Don haka muna kira ga magadan gari da sarakunan gargajiya su buɗe littafi a kowace karamar hukuma, a rubuta duk yaron da ya ɓace: sunansa, shekarunsa, ƙauyensa, da ranar. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi amfani: ku taimaki maƙwabtanku su rubuta. Kada a watsa suna sai da yardar iyaye, amma a riƙa faɗin adadi. Muryar Sahel da rediyoyin karkara su riƙa tunatarwa da Kanuri, da Fulatanci, da Hausa. Wannan shafi ma bai tsira daga wannan nauyi ba.

Ɗa na kowa ne. Yaron da aka daina ambatonsa, an sace shi sau biyu. Allah ya maido da waɗanda ke hannu, ya ba iyayensu haƙuri, amin.