Buhun Shinkafa Ba Ya Wanke Dalma

Da zarar an ga watan azumi, sai hotuna su cika Facebook: ga buhunan shinkafa da gero a jere, ga layin zawarawa da marayu, ga mai bayarwa ya riƙe kunnen buhu har mai ɗaukar hoto ya gama. Mun saba da wannan har muka ɗauka cewa aikin Allah a cikin talakawa bai wuce rabon abinci da gina masallaci ba, sai kuma a ce musu su yi haƙuri. Ban yarda da wannan ba, kuma ƙauyen Abare da ke jihar Zamfara ne hujjata.

A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, manoma suka koma haƙa, duwatsun da suke kwasowa kuwa cike suke da dalma. A cikin gida ake dakan su a turmi, a niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gidan da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. A Abare da Dareta da Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda.

Wannan fa a jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'a a 1999, jihar da ke da Hukumar Zakka da Waƙafi. To, wa ya jagoranci maganin? MSF, wadda ta zauna har 2022 kafin ta miƙa aikin ga gwamnati. Wa ya kankare ƙasar gidajen mutane ya zuba sabuwa? Injiniyoyin TerraGraphics daga Amurka tare da ma'aikatan jiha da mutanen ƙauyukan. Bagega kuwa sai 2013 aka share ta, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Ina gode musu har zuciyata. Amma abin yana ci mini rai, domin ƙa'idojin da suka yi aiki da su suna nan a littattafan da muke karantawa a zaure.

Malamanmu, tun daga Gazali har Shaɗibi, sun karantar da cewa shari'a ta zo ne don kare abu biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Dalma tana cin uku a lokaci guda. Ta kashe yaro. Wanda ya tsira ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada, wasu ta makantar da su. Mai ciki kuma ta ratsa har ɗan da ke cikinta. Yaron da dalma ta lalata wa hankali, da me zai haddace Alƙur'anin da muka gina masa Islamiyya dominsa? Duk ƙungiyar addinin da za ta shiga ƙauye, da wannan ma'auni ya kamata a auna ta, kafin a ƙirga buhunanta.

Za a ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Sayyidina Umar ma ya yi imani da ita, amma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Haƙurin da ake yi wa uwa wa'azinsa alhali injin yana ci gaba da niƙa a bayan ɗakinta, zalunci ne aka sa masa rawani.

Za a kuma ce kwaɗayi ne ya ja musu. Wannan maganar ta wanda ya ƙoshi ce. Mutumin da gonarsa ba ta kai shi ƙarshen shekara ba zai bar rami don an yi masa tsawa ba. An haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, haƙa ba ta tsaya ba, ta dai ƙara ɓuya. Abin da ya rage guba shi ne zama da mahaƙan: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, a yi wanka a sauya kaya kafin a koma gida. Nan ne muke da abin da baƙo ba shi da shi. Liman yana ganin magidanta sau biyar a yini. Malamar Islamiyya tana shiga gidan da namiji ba ya shiga, wajen matan da ke riƙe da taɓarya. Izala da ɗariƙu da FOMWAN suna da jama'ar da wata ma'aikata ba ta da ita.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da sana'o'in jama'a da abin rayuwarsu. Malamin da ke karɓar kujerar Makka daga hannun gwamna zai sha wuya kafin ya tuna masa da wannan nauyi, ga kuma 'yan bindiga da suka raba mutanen Anka da Gummi da gonakinsu.

A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙa a Zamfara. Dalmar tana nan a cikin dutsen. Ina kira ga masu riƙe da dukiyar waƙafi su ware kuɗin gwajin jinin yara, da rijiya da wurin wanka a duk inda ake niƙan dutse, su kuma faɗa wa jama'a a masallacin Juma'a nawa aka tara da inda aka kashe shi.