Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Yara, akwai wani aiki mai daɗi da nake so kowannenku ya yi, watau ya sami littafin liƙe-liƙe. Littafi ne marar rubutu, wanda mutum ke liƙa hotuna da guntayen jaridu da kan sarki da busassun ganyaye a ciki, sa'an nan ya rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne. Kayan aikin ba su da tsada. In ka sami almakashi da alƙalami, ka jiƙa ɗan ƙaro a ruwa ya narke, to, ka gama shiri.

Amma akwai abin da ke ɓata mini rai. Na duba littattafan yara goma a wani aji, sai na tarar duk kamarsu ɗaya. Ɗaya ya liƙa hoton mota da na 'yan ƙwallo, sauran tara suka bi shi. Da za a goge sunayensu, ko su da kansu ba za su iya rarrabewa ba. A ganina wannan hasara ce, gama kayan aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce, "Ai Malam, da kwaikwayo ake koyo." Gaskiya ne. Almajiri ma da duban hannun malaminsa yake fara rubutu a allo. Amma ku lura da masu zayyanar allon sauka. Duk da tawada da launi suke aiki, ga ja, ga kore, ga ruwan ɗorawa, amma wanda ya san sana'ar yakan dubi allo ya faɗi mai hannun. Saboda haka ka koyi yanka da liƙi daga abokinka, amma zaɓen abin da za ka liƙa naka ne.

To, ina za ka sami naka? Ka fara da abin da ke gabanka. Ɗan Katsina ba ya rasa abin sa wa a littafi. Ga hasumiyar Gobarau, wadda aka gina da ƙasa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ga ƙofofin gari, irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. A 1938 aka mai da ita Kaduna, daga baya ta koma Zariya. In ba ka da hoto, ɗauki fensir ka je ka zana da hannunka.

Ba kuwa dole ne kowa ya bi tarihi ba. Ɗan marini ya liƙa ƙyallayen da ubansa ya rina. 'Yar manomi ta busar da ganyen kuka da na tsamiya, ta rubuta amfanin kowanne. Mai son dawaki ya zana hawan salla, ya tambayi kakansa labarin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Abin da tsoho ya faɗa maka, ka rubuta shi a ranar, gama in ya tafi da shi ba mai dawo maka da shi.

Kada ka cika shafi da tarkace. Abu biyu ko uku sun isa. Ka sa kwanan wata a kan kowanne, ka kuma ajiye littafin a akwati, nesa da gara da danshin damina.

Shafinka na fari zai yiwu ya karkace, na abokinka ya fi shi kyau. Kada ka damu, sannu ba ta hana zuwa. Wata rana jikanka zai buɗe littafin, ya san garin da ka tashi, ya kuma san irin mutumin da kake.

Tambayoyi

1. Me ya sa Malam bai ji daɗin littattafan nan goma ba?
2. Faɗi ƙofofi uku na birnin Katsina.
3. Me za ka liƙa a shafinka na fari? Don me?