Motar Mutane Ba Ɗakin Gwaji Ba Ce

A wannan makon zan kai mu gareji ne, amma ba wajen masu sifana da baƙin mai a riga ba, wajen matasan nan masu zama da kwamfuta a cinya cikin motar mutane.

Abin da ya tayar da maganar shi ne motar yayana, wadda yake haya da ita tsakanin Kano da Zariya. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ba shi da zance sai na shan mai. Wani ya ce masa akwai yaron da ke "gyara ƙwaƙwalwa" mota ta rage sha. Ya kai ta. Yaron ya jona waya, ya buɗe manhaja, rubutu ya kai rabi sai ya tsaya cak. Daga nan motar ba ta ƙara tashi ba. Kwana tara tana ajiye kafin a samo wata ƙwaƙwalwar ta hannu, a daidaita ta da makulli. Da aka matsa wa yaron da tambaya, sai ya ce ranar ce farkon da ya gwada na'urar a kan irin wannan motar. Kwana tara babu kuɗin cefane, don wani yana koyon aiki.

Bari mu fahimci abin da ake taɓawa. Motar zamani tana da wata 'yar kwamfuta da makanikai ke kira birenbos. A cikinta akwai fayil mai ɗauke da jadawalai: nawa ne man da nozul zai fesa a kowane gudun inji, yaushe fulogi zai ba da wuta, iska nawa turbo zai tura idan motar na da shi. A injin fetur, ma'aunin da ake bi a tafiyar yau da kullum shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a nauyi. Mai gyara yana karanto fayil ɗin ta ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ramin da Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, ko kuma ya ciro ƙwaƙwalwar ya jona ta a kan tebur. Sai ya buɗe shi da manhaja irin WinOLS ta Jamus ko ECM Titanium ta kamfanin Alientech na Italiya, ya sauya lambobi, ya mayar da na'ura irin KESS.

Ni ban ce wannan sana'a haramun ba ce. Ilimi ne, kuma ina murna da ganin matasanmu a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne: duk manhaja ko na'urar da ba ka gwada ba, ba ka da haƙƙin ɗora ta a kan dukiyar wani.

Dalili na farko, kayan aikin kansu. Na asali suna da tsada, don haka da yawa suna sayen na kwaikwayo masu tsohuwar manhaja da aka fasa. Irin wannan tana iya karanta fayil lafiya lau, ta gaza wajen rubutawa. Akwai wata lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil ɗin. Idan ka sauya ko da lamba ɗaya ce, dole a sake lissafa ta. In manhajar ba ta yi hakan daidai ba, ƙwaƙwalwar za ta ɗauka fayil ɗin ya lalace, ta ƙi tayar da inji. Haka kuma idan batir ya yi sanyi ko waya ta motsa ana tsakiyar rubutu, an goge tsoho ba a gama sa sabo ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Dalili na biyu ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa nan take. Motar za ta tashi, har mai ita ya ji ta ƙara ƙarfi, ya biya yana godiya. Amma fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet wataƙila an rubuta shi ne don fetur mai oktan 98 da sanyin Turai. Kamfanin da ya ƙera motar da gangan ya bar rata saboda zafi da mai mara kyau, kuma mu nan muna da duka biyun. Ba mu manta da fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba. Idan aka gaggauta lokacin wutar fulogi, aka rage mai fiye da kima, sai man ya riƙa fashewa ba bisa tsari ba, zafi ya ƙaru, fiston ya ci wuta a hankali. Bayan wata uku inji ya buga a hanya, a ce ƙaddara ce, ba wanda zai tuna da mai kwamfuta.

Wani zai ce ai na'urar ta nuna babu matsala. To ku tuna da Volkswagen. Motocinsu na dizal sun ci jarrabawar hayaƙi a ɗakin gwaji shekara da shekaru, saboda manhajar cikinsu tana gane lokacin da ake gwada ta sai ta gyara hali. Sai da masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka hau titi da ita, asiri ya fara tonuwa. A Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana zancen, ta ce hayaƙin na iya ninka ƙa'ida har sau 40, kamfanin kuma ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Darasin a bayyane yake: abin da allo ya faɗa daban, abin da inji ke yi a titi daban. Mai goge lambar matsala don wutar gargaɗi ta mutu bayan an cire matatar hayaƙin salansa, ƙaramin irin wannan aikin yake yi, mu da yaranmu kuma ke shaƙar sakamakon.

Na san uzurin: ba mu da injin awon ƙarfin mota irin na Turawa. Gaskiya ne. Amma mafi yawan gwajin ba ya buƙatarsa. Ka sayi tsohuwar ƙwaƙwalwa a wajen masu kayan hannu, ka karanta, ka mayar da fayil ɗin yadda yake, ka sake karantawa ka kwatanta. Idan na'urarka ta kasa wannan, ba ta isa taɓa motar kowa ba. Ka ajiye fayil na asali a wuri biyu kafin komai, ka ba mai mota kwafinsa. Ka jona abin da zai riƙe wutar batir. Ka sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka hau titi da rana tsaka da kaya a mota, kana duba zafi da yadda ƙwaƙwalwar ke ja da wutar fulogi baya. Batun shan mai kuwa, a cika tanki, a rubuta kilomita, kafin gyara da bayansa. Jin jiki ba awo ba ne.

Ku kuma masu mota, kafin ku miƙa makulli ku yi tambaya uku: ka taɓa yin irin motata da wannan na'urar? Ina fayil ɗina na asali? Idan ta mutu, wa zai biya? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara kame-kame, ya riga ya ba ku amsa.

Yayana ya yafe wa yaron, amma har yau yana biyan bashin ƙwaƙwalwar. Makulli amana ne. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, ya sa wa neman kowa albarka.