Darekta Ɗan Amana Ne, Ba Mai Dukiya Ba

Jama'a, kuɗin kamfani amana ce a hannun darektoci, ba gadonsu ba ne. To, in sun ci amanar, wa zai kai ƙara? A Ingila, cikin 1843, a shari'ar Foss da Harbottle, alƙali ya ce kamfanin kaɗai ke da wannan iko. Ashe kura aka ba ajiyar nama! Su ke riƙe da kamfanin, yaya za su ƙarar da kansu? Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta ba mai hannun jari dama ya nemi izinin kotu, ya yi ƙara da sunan kamfani. Wanda ya gani ya yi shiru, kada ya yi kuka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.