Tsarabar Taro: A Ba Mu Littafi

Bara na halarci wani taron ƙara wa juna sani kan harshen Hausa a Arewa. Da aka tashi, kowa ya fito da tsaraba: riga, hula hana-salla da kalanda mai hoton babban baƙo. Yaba kyauta tukwici, kuma na yaba. Sai dai rigar ta koɗe tun wanki na uku, kalandar kuwa shekara na ƙarewa ta zama takardar ƙosai.

Ni a aji na koyi Hausa, ban tashi da ita ba, don haka na san inda ke yi mana ƙaiƙayi a nan Kudu. Sai ka zaga kantunan littattafai ba ka sami Magana Jari Ce ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa karɓa-karɓa muke yi da shi.

Saboda haka ina kira ga masu shirya taro: kuɗin riga da hula a sayi littafi da su, a buga hatimin taron a bango. Duk ɗalibin da ya buɗe shi zai tuna da ku, har wanda bai je taron ba.