Gwani Da Magadansa

A Kanada da Amurka akwai wani wasan sanda bisa ƙanƙara, gwanayensa da shi suke ci. Red Berenson ɗayansu ne, a 1968 ya jefa shida raga a wasa guda. Amma abin yabonsa ba nan yake ba. Yana tsakar wasan bai saki alƙalami ba, sa'an nan da ƙarfi ya ja baya Jami'ar Mishigan ta ɗauke shi koyarwa, daga 1984 har 2017.

To, gwanayen tuƙi na Rigata a Yawuri, da 'yan kokawar Warra, in gwiwa ta gaza, wa ke zaunar da su gaban yara? Lalle ya kamata attajiran kasuwar Warra su yanka musu abin cefane, su koyar.